Zuciya ba ta jin tsawa: yadda yoga da zaman natsuwa ke kwantar da saƙe-saƙe

Ka gama hidimar yini, jiki ya yi laushi, ka kashe fitila ka kwanta, to a lokacin ne fa zuciya za ta baje kolinta. Maganar da wani ya yaɓa maka da rana ka rasa abin cewa, yanzu ne amsoshi har kala uku za su zo maka, daga nan ka faɗa kan aikin da ba ka ƙarasa ba, daga nan wani abin kunya da ka yi shekara goma baya wanda ƙila duk duniya ba mai tuna shi sai kai, daga nan kuma ka shiga lissafin yadda za ka yi in abu kaza ya faru alhali ko alamarsa babu. Ka juya dama ka juya hagu, ka lalubo waya ka duba, biyu saura kwata. Sai ka ce wa kanka kai don Allah ya isa haka a yi barci, amma kamar ka ƙara rura ta.

Na daɗe ina fama da wannan, na kuma daɗe ina karance-karance a kai, shi ya sa maganar yoga, horon jiki da hankali da ya samo asali daga Indiya, da abin da Turawa ke kira meditashon, wato zaman natsuwa, take raina sosai, don yadda ake tallata ta ga mutane ba haka take ba. Hoton da ake nunawa kullum shi ne wani ya tanƙwashe ƙafa a bakin teku ido rufe, kansa wayam ba tunanin komai. Sai bawan Allah ya gwada minti biyu ya ji hayaniyar kansa ta fi ta da, ya ce ni wannan abu ba nawa ba ne, ya watsar, alhali abin da ya gani ɗin shi ne matakin farko. Zuciya ba ta jin tsawa. Lallaɓo ta ake yi ta hanyar jiki da numfashi, kuma ainihin aikin shi ne dawo da ita duk sanda ta tsere, ko sau nawa ne.

A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Daniel Wegner ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ya zaunar da mutane ya ce su yi ta faɗin duk abin da ya zo musu a rai na tsawon minti biyar, sharaɗi ɗaya ne kawai, kada su tuna farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, in kuwa ya faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Haka ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, a matsakaici fiye da sau ɗaya a minti. Da aka sake su daga baya aka ce to yanzu ku tuna shi son ranku, sai suka fi yawan tuna shi a kan waɗanda tun farko ba a hana su ba. Bayanin da Wegner ya kawo shi ne, in ka hana kanka wani tunani, wani ɓangare na ƙwaƙwalwa zai koma mai gadi yana ta leƙe, ya dawo ne? bai dawo ba? kuma ai ba yadda za ka yi cigiyar abu ba tare da kana riƙe da kamanninsa ba. Mai gadin da kansa ke buɗe wa ɓarawo ƙofa. In ka gaji ko kana cikin matsi, ƙarfin da kake danne tunanin da shi ya ƙare, shi kuwa mai gadi yana nan idonsa biyu. Ka ga abin da ya sa tsakar dare ta fi kowane lokaci wuya.

Mutanen Indiya na dauri sun riga Wegner gane wannan da ɗaruruwan shekaru. A cikin Bhagavad Gita, wani littafin addinin Hindu, jarumi Arjuna ya kai kukansa cewa zuciya ba ta zama wuri ɗaya, kama ta daidai yake da kama iska, kuma ba a musa masa ba, an yarda abu ne mai wuya amma tana horuwa da maimaici da kuma rage kwaɗayi. Mabiya Buddha kuwa da biri suka kwatanta ta, yana lilo a daji ya kama wannan reshe ya saki ya cafki wancan. Sai Patanjali, wanda ya tattara koyarwar yoga cikin gajerun jimloli kusan 195 fiye da shekara 1,500 da suka wuce, tun a jimla ta biyu ya faɗi ma'anar yoga: tsayar da kai-komon zuciya. Bai ambaci taɓa yatsun ƙafa ko tsayuwa da ka ba. A duk rubutun nasa jimla uku ce ta yi maganar yanayin zaman jiki, abin da ta nema kuma shi ne zaman ya kasance tsayayye mai daɗi, don mutum ya iya daɗewa a zaune baya da gwiwa ba su ɗauke masa hankali ba. Matakai takwas ya jera, biyun farko ma halayya ce zalla, irin su barin cutarwa da faɗin gaskiya da wadatar zuci, sannan zaman jiki, sannan numfashi, sauran huɗun duk horon hankali ne. Wannan jeri yana burge ni gaskiya, don wanda ya wuni yana ƙarya da zalunci ban ga numfashin da zai kwantar masa da hankali da dare ba.

A zamaninmu har an auna yawon zuciyar. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na jami'ar Harvard suka yi amfani da wata manhaja ta iPhone da ke tambayar mutane a lokuta daban-daban me kake yi yanzu, me kake tunani, ya kake ji. Daga amsoshin mutum 2,250 suka gano kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, hankalin mutane ba ya kan abin da hannunsu ke yi, kuma a lokutan da ya tafi yawo sun fi rashin jin daɗi. Ko da wurin da ya tafi mai daɗi ne, jin daɗin bai wuce na wanda hankalinsa ke kan aikinsa ba. Gwajin da ya fi taɓa ni shi ne na Timothy Wilson a jami'ar Virginia a 2014. An bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ja ka. Duk sun riga sun ɗanɗana jan, akasarinsu sun ce ma za su biya kuɗi don kada a ƙara yi musu. Amma cikin waɗanda suka faɗi hakan, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 suka danna da hannunsu. Zama da kai kaɗai yana da nauyi har haka, kuma duk wanda ya taɓa jawo waya ba don yana neman komai a cikinta ba ya san wannan nauyin.

Me ke faruwa a ciki? A 2001 Marcus Raichle, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya nuna cewa akwai wasu sassa na ƙwaƙwalwa da ke lafawa in an ba mutum aiki, da zarar an gama aikin sai su farka tare, ya raɗa wa abin suna da ke nufin yanayin da ƙwaƙwalwa ke komawa in an sake ta. Daga baya bincike ya alaƙanta sassan da tuna baya, hasashen gaba, da tunanin ni da me ake cewa a kaina. Dama ƙwaƙwalwa ba ta hutu, nauyinta kusan kashi 2 cikin ɗari ne na jiki amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa. Kuma wannan yawon yana da amfaninsa, da shi ake tsara gobe, da shi dabara ke faɗo wa mutum yana wanka. Matsala tana zuwa ne in ya zama tufka da warwara, tunani ɗaya yana ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, ya yi tafiya har ya gaji amma bai je ko'ina ba. Wannan irin nanatawar likitocin ƙwaƙwalwa sun san tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon damuwa da na fargaba.

To ta ina za a shiga tunda umarni ba ya aiki? Ta jiki. Kalmar zuciya da muke amfani da ita wa tunani ita ce dai sunan tsokar da ke bugawa a ƙirji, kuma a nan harshe bai yi kuskure ba. Jiki yana da tsarin jijiyoyi mai tuƙa kansa, reshe biyu, ɗaya na shirin faɗa ko gudu, shi ke sa gaba ya faɗi, bugu ya ƙaru, tafin hannu ya jiƙe, sinadarin adirenalin ya bazu a jini, ɗayan kuma na hutawa da narkar da abin da aka ci. Abin lura shi ne jiki ba ya tantancewa sosai tsakanin haɗarin da ke gabanka da wanda ka zana a ranka. Ka tuna rigimar gobe, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya gajarce, ƙwaƙwalwa ta ji ƙirji a ɗaure sai ta ce lallai akwai matsala bari in nemo ta, ta nemo maka wata, ƙirji ya ƙara ɗaurewa. Haka suke ta miƙa wa juna.

Ba ka da ikon ce wa bugun zuciya ya rage gudu, ko ka hana zufa fita. Numfashi ne kaɗai yake tsakani, yana tafiya da kansa in ka manta shi, kana kuma iya karɓar linzaminsa duk sanda ka so. Ga wani abu da za ka iya gwadawa yanzu: ɗora yatsu biyu a gefen wuya inda jijiya ke harbawa, ka ja numfashi a hankali, ka sake shi a hankali. Wasu za su ji bugun ya ɗan ƙara sauri wajen ja, ya ɗan ja baya wajen saki, yara da matasa sun fi jin sa sosai. Aikin wata doguwar jijiya ce da ake kira bagus, ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka har zuciya da huhu da hanji, ita ce birkin zuciya, kuma lokacin fitar da numfashi ne take takawa. Saboda haka in ka sa sakin ya fi jan tsawo, ka ba birki lokaci kenan. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, in aka sauko da shi wajen sau 6 sai numfashi da bugun zuciya da hawa da saukar jini su daidaita kamar masu daka a turmi ɗaya. Patanjali bai san jijiyar bagus ba, amma a cikin hanyoyin da ya lissafa na samun natsuwa ya ambaci fitar da numfashi da dakatar da shi, ya kuma sa hargitsewar numfashi cikin alamun zuciyar da ta watse. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya faɗe shi kai tsaye, in numfashi na motsi zuciya na motsi, in ya tsaya ta tsaya.

A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbi ta Katolika da harshen Latin, sannan suna maimaita wata jimla irin ta masu yoga, duka biyun sun sauko da numfashi wajen sau 6 a minti ba tare da an ce wa kowa ya rage ba. Al'ummu biyu da ke nesa da juna sun faɗa kan lissafi ɗaya. Sai kuma ajiyar zuciya, wadda kowa ke saukewa ba tare da an koya masa ba, kusan duk bayan minti biyar jiki na yin ta da kansa don buɗe ƙananan jakunkunan iska na huhu da suka motse. A 2023 masu bincike a jami'ar Stanford suka mayar da ita atisaye, ka ja iska ta hanci, ka ƙara ɗan ja a kai har huhu ya cika, sannan ka sake ta ta baki a hankali har ƙarshe, minti biyar kullum na kusan wata guda. Waɗanda suka yi wannan sun fi samun walwala a kan waɗanda suka zauna suna lura da numfashinsu kawai. Ni a ganina wanda bai taɓa gwada komai ba daga nan ya kamata ya fara, don sakamakonsa a take ake ji.

Su kuma lanƙwashe-lanƙwashen da yau ake kira yoga, yawancin tsarinsu ba su kai tsufan da ake zato ba. Hatha Yoga Pradipika ɗin ma zama 15 kawai ya bayyana. Da Swami Vivekananda, wani malamin Hindu, ya je taron addinai na Shikago a 1893 ya buɗe wa Amurkawa ƙofar wannan ilimi, maganar hankali ya fi yi, bai damu da motsa jiki ba. Salon nan na zuba daga wannan tsayuwa zuwa waccan tare da numfashi ya bunƙasa ne a shekarun 1930 a fadar Mysore da ke kudancin Indiya a hannun wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya, ɗalibansa irin su B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi suka yaɗa shi a duniya, har ta kai a Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga.

Sabuntarsa ba ta rage masa amfani ba, musamman ga wanda ba ya iya zama. Akwai mutanen da in ka ce su zauna shiru ido rufe ka jefa su cikin ramin da suke gudu ne, su motsi ne ƙofarsu. Gwada ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka ɗora tafin ɗayar a cikin cinya ko ƙauri, ka kafe ido a wani tabo a bango. Za ka ji yatsun ƙafa suna kama ƙasa, idon sawu yana rawa yana gyarawa, kuma daƙiƙar da ka tuna saƙon da ba ka amsa ba a nan za ka tangaɗa. Jiki magayi. Ba ka buƙatar malami ya ce maka hankalinka ya tafi, ƙafarka ta riga ta faɗa. Akwai kuma darasi na biyu da ya fi wannan zurfi, in ka riƙe wata miƙa da ke jan bayan cinya, akwai ɗan zafi, zuciya na cewa saki saki, kai kuma ka ci gaba da numfashi a hankali har sau biyar, kana koya wa jikinka cewa ana iya jin rashin daɗi ba tare da an firgita ba. Wannan darasin shi ke bin ka har wurin aiki ranar da wani ya ɗaga maka murya.

Sai zaman natsuwar kansa. Ana yawan fassara meditashon da zuzzurfan tunani, kuma wannan fassarar tana ɓatar da mutane, don mai saƙe-saƙe ai zurfin tunanin ne ya yi masa yawa. Abin da ake yi shi ne a ba hankali turke ɗaya, galibi numfashi, a lura da sanda ya tsinke, a dawo da shi. A 2012 Wendy Hasenkamp ta jami'ar Emory ta sa mutum 14 da suka saba da zaman a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ta ce su bi numfashinsu na minti 20, duk sanda suka farga hankalinsu ya tafi su danna maɓalli. A matsakaici kusan duk bayan daƙiƙa 80 sai sun danna. Waɗanda suka saba kenan fa. Ta raba abin gida huɗu, tafiya, farga, juyowa, da tsayawa, kowanne da sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki a lokacinsa. Wannan fargar ita ce mutane ke ɗauka a matsayin faɗuwa, suna cewa ka ga na sake kasawa, alhali ita ce ɗaga ƙarfen, ita ke gina tsokar. Wanda hankalinsa ya tafi sau talatin ya dawo da shi sau talatin ya yi atisaye talatin. Shekara guda kafin nan Judson Brewer a jami'ar Yale ya ga sassan nan na yawo da Raichle ya gano sun fi lafawa a wurin waɗanda suka daɗe suna yi, ko da yake mutanen da ya auna kaɗan ne.

Yadda abin yake daga ciki, ka zauna a kujera ko a ƙasa baya a miƙe, ka ji sanyin iska a bakin hanci wajen shiga da ɗuminta wajen fita. Ɗaya. Biyu. A na uku kunne ya ji ƙarar babur a waje, babur ya tuna maka tafiyar jibi, tafiyar ta tuna maka wanda za ka haɗu da shi, kafin ka ankara kun yi nisa cikin gardama kai da shi a cikin kanka har haƙoranka sun cije. Sai farga ta zo. A nan ne komai yake, don hanya biyu ce a gabanka, ko ka hau kanka da faɗa wanda shi ma wani sabon reshe ne biri ya kama, ko ka ce a ranka tunani ne, ka saki muƙamuƙi, ka koma ɗaya. Bayan makonni abin da ke sauyawa shi ne tazara, tunanin yana zuwa kamar da amma ka fara ganin sa yana zuwa, kamar wanda ke zaune a bakin titi yana kallon motoci maimakon wanda kowace mota ta tsaya sai ya shiga.

Shin yana magani? Yana taimakawa, daidai gwargwado. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin jami'ar Massachusetts ga marasa lafiyar da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya haɗa zaman natsuwa da yoga mai sauƙi ya cire musu rigar addini, bincike da yawa da ake da shi yau a kan wannan shirin aka yi. A 2014 Madhav Goyal na jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka tace gwaje-gwaje 47 masu mutum 3,515, suka samu matsakaiciyar hujja cewa yana rage fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 Elizabeth Hoge ta jami'ar Georgetown ta kwatanta shirin da ƙwayar maganin fargaba mai suna escitalopram a kan mutum 276 masu ciwon fargaba, bayan mako takwas duka ɓangarorin sun samu sauƙi kusan daidai, wajen kashi 30 cikin ɗari, illolin kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba a ɓangaren ƙwaya. Amma a duba farashin, aji na awa biyu da rabi duk mako, ga minti 45 kullum a gida, ba kowa ke da wannan sararin ba. A ɓangaren yoga kuwa, gwajin Naomi Simon na 2020 a kan mutum 226 ya nuna kashi 54 na masu yoga sun samu sauƙi, kashi 33 a cikin waɗanda aka yi wa lacca kan damuwa kawai, amma kashi 71 a cikin waɗanda suka yi jinyar tattaunawa da ƙwararre mai gyara salon tunani. Yoga ta yi aiki, jinyar ta fi ta.

Inda raina ke ɓaci shi ne zuzutawar. An yi shekaru ana yawo da labarin cewa mako takwas na sauya girman sassan ƙwaƙwalwa, sai a 2022 wani bincike mafi girma a jami'ar Wisconsin mai mutum sama da 200 ya duba bai ga wannan sauyin ba. A shekarar dai aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya, makarantu 84 ɗalibai sama da 8,000, an koya wa yara zaman natsuwa a aji kuma lafiyar tunaninsu ba ta fi ta sauran ba, akasarinsu ma ba su yi a gida ba don ba su suka nema ba. Abin da ake yi da son rai ba a ɗura shi. Sannan yana iya cutarwa, wannan kam masu talla ba sa faɗa. Willoughby Britton ta jami'ar Brown da abokan aikinta sun tattauna da mutum 60 da suka gamu da wahala a sanadin zaman, a 2017 suka fitar da bayanin tsoro, rashin barci, dawowar tsohon tashin hankali, da jin kamar mutum ya rabu da jikinsa, wasu na tsawon watanni. Wanda ya taɓa shiga mummunan bala'i, ko yake da tarihin taɓin hankali, bai kamata ya faɗa dogon zaman kwanaki shi kaɗai ba, ya fara da likita. Wanda ke shan magani kada ya ajiye shi don ya kalli wani bidiyo. Haka a ɓangaren jiki, wuya da ƙugu da wuyan hannu suna jin ciwo in an matsa, mai hawan jinin ido ya guji kifa kai ƙasa, mai juna biyu ta tambayi likita tukuna.

Akwai kuma tambayar addini da ba zan tsallake ba, don tana hana mutane da yawa a duniya kusantar abin, kuma tambaya ce ta gaskiya. Yoga ta tsiro ne a cikin addinan Indiya, wasu ajujuwan suna rera kalmomin ibada, wani jerin motsin ma sunansa gaisuwa ga rana. A 1989 fadar Vatican ta Paparoma ta ja hankalin Kiristoci kan haɗa irin waɗannan hanyoyi da addu'a ba tare da lura ba. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga, a farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda ke ɗauke da ibadar Hindu ta bar wadda motsa jiki ce zalla, Saudiyya kuma ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ni dai abin da nake gani, tsawaita numfashi da miƙa jiki da lura da hankali ba mallakar kowa ba ne, gwajin Bernardi ma ya nuna haka, kuma ana iya yin su ba tare da furta kalma ɗaya ta ibadar wani ba. Amma bai dace a yaudari mutum a ce masa abin ba shi da asali ba, a faɗa masa gaskiya ya auna da imaninsa.

Abu na ƙarshe da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Na yi ta ƙoƙarin yin zaman ne kawai a daren da hankali ya riga ya tashi, ina mamakin me ya sa ba ya ci. Patanjali ya ce horon yana kafuwa ne in an daɗe ana yi, ba yankewa, kuma da muhimmantawa. Minti goma da safe a lokacin da ba abin da ke damunka, kullum, ya fi awa guda sau ɗaya a wata, don hanyar dawowa da ka taka sau ɗari da rana ita ƙafarka za ta gane cikin duhu. Har yanzu akwai dararen da kasuwar ke ci a kaina. Abin da nake yi shi ne in bar waya inda take, in kwanta rigingine in ɗora hannu a ciki, in ja iska ina ƙirga huɗu in sake ta ina ƙirga shida ko bakwai, ina lissafa kowane saki har goma, in na ɓata in koma ɗaya. Daren jiya sau uku ina ɓata kafin in kai shida, a karo na huɗu ban san a nawa na tsaya ba.